Shekaru 35 tsakanin faifai biyu: tarihin Vashti Bunyan

Cikin kakar shekarar 2005, wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna FatCat, da ke garin Brighton a kudancin Ingila, ya yi shelar cewa a watan Oktoba zai fitar da sabon kundin waƙoƙin wata mata mai suna Vashti Bunyan. Irin wannan shela ba baƙon abu ba ce a ƙasar da faifai ke fitowa kowane mako. Abin da ya bambanta wannan da sauran shi ne, mawaƙiyar tana da shekara 60 a duniya, kuma wannan ne kundinta na biyu. Na farkon ya fito tun watan Disamba na 1970. Mafi yawan shekaru 35 da ke tsakani ta shafe su ba ta ɗauki jita ba, domin a ganinta ta gwada waƙa ta faɗi, magana ta ƙare. Amma ga shi a 2005 matasan da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ta shiga ɗakin ɗaukar murya karon farko su ne ke ƙirga kwanaki suna jiran fitowar faifan.

Murya ɗaya ce, mai waƙar ma ɗaya ce. Me ya sa aka kau da kai daga gare ta a 1970, sa'an nan aka yi ɗokinta a 2005? Amsar tana cikin tarihin hanyar da waƙa ke bi daga bakin mai ita zuwa kunnen mai saurare, da hannuwan da ke riƙe da wannan hanya a kowane zamani.

Kalmomi biyu

Ana sanya Vashti Bunyan cikin rukunin da masu Ingilishi ke kira indi-fok, kuma kowane ɓangare na sunan yana da nasa tarihi. Da farko kalmar fok tana nufin waƙoƙin jama'a da ba a san wanda ya ƙaga su ba, irin waɗanda manoma da masunta ke gada daga kaka da kakanni. Su ne Cecil Sharp ya fara bi ƙauye-ƙauye yana rubutawa daga 1903 a yankin Somerset, don gudun kada su bi tsofaffi kabari. Bayan shekara 60 ma'anar ta faɗaɗa. Da Bob Dylan da ire-irensa suka bayyana a Amurka, sai aka koma kiran duk wanda ya ɗauki jita marar lantarki yana rera abin da ya tsara da kansa mawaƙin fok, ko da waƙar jiya aka yi ta.

Ita kuwa indi, gajarta kalmar da ke nufin cin gashin kai ce. Tana nuni ga ƙananan kamfanonin da ba su ƙarƙashin manyan gidajen faifai. A Ingila sun yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1970: ƙungiyar Buzzcocks ta buga ƙaramin faifanta da kuɗinta a Janairun 1977, kantin Rough Trade na Landan ya zama kamfani a 1978, kuma a 1980 aka fara fitar da jerin cinikin faifan ƙananan kamfanoni daban. A 1970 wannan tsari bai kafu ba tukuna. Mawaƙin da ke son muryarsa ta isa kanti da gidan rediyo, kusan dole ne ya bi ta ƙofar babban kamfani. Wannan bambanci shi ne rabin labarin Vashti Bunyan.

Yarinyar da aka so a mayar tauraruwa

An haife ta a 1945 a arewa maso gabashin Ingila, ta girma a Landan. Ta shiga makarantar zane ta Ruskin a birnin Oksfod, amma aka sallame ta saboda hankalinta ya fi karkata ga jita fiye da alƙalamin zane. Tana da shekara 18 ta je Niyok, inda ta ji kundin Bob Dylan na 1963, ta dawo gida da niyyar zama mawaƙiya mai tsara nata.

A 1965 ta faɗa hannun Andrew Loog Oldham, manajan ƙungiyar Rolling Stones, wanda a lokacin duk abin da ya taɓa sai ya yi kasuwa. Ya ba ta wata waƙa da Mick Jagger da Keith Richards suka rubuta, aka ɗauke ta da kayan kiɗa masu yawa, kamfanin Decca ya fitar. Waƙar da ita ta tsara kuwa aka sa ta a bayan faifan. Bai yi ciniki ba. A 1966 ta sake fitar da wani ƙaramin faifai, Train Song, a kamfanin Columbia, wannan karon da kiɗa kaɗan, shi ma ya wuce ba a ji ɗuriyarsa ba. Ta koma wajen Oldham, a kamfaninsa na Immediate, aka ɗauki wasu waƙoƙi, aka ajiye su a ɗakin ajiya ba a fitar ba. Kafin ta cika shekara 23 ta riga ta san abin da ake nufi da a yi wa mutum alkawarin ranar fitowa, ranar ta zo ta wuce.

Tafiyar amalanke

A 1968, shekarar da ɗalibai suka cika titunan Paris kuma yaƙin Biyetnam ke ci, matasa da yawa a Turai da Amurka sun yanke ƙauna daga birni, suna mafarkin komawa ƙauye su ci da guminsu. Mawaƙi Donovan ya samu fili a tsibirin Skye da kewayensa, a arewa maso yammacin Sikotilan, da nufin kafa mazaunin masu fasaha. Ya ranta wa Vashti da abokin zamanta kuɗi, suka sayi wani tsohon amalanken tallar burodi da goɗiya mai suna Bess, suka kama hanya daga Landan, karensu na biye.

Nisan ya kai kimanin kilomita 1000, wato ya ɗara tazarar da ke tsakanin Yamai da Damagaram, kuma da takun goɗiya aka yi shi. Tafiyar ta ci rani biyu, na 1968 da na 1969, da hutun hunturu a tsakani. A hanya suna kama ƙananan ayyuka don abin sa wa a baka. Wasu garuruwan sun kore su, domin an ɗauke su mayawata marasa gida, irin waɗanda aka saba yi wa kallon raini a ƙasar. Sau da yawa waɗannan mayawatan ne suka nuna musu yadda ake kula da doki da inda ake yada zango. Da suka isa Skye sai suka tarar mafarkin ya watse, babu wurinsu. Suka ƙara gaba zuwa Berneray, wani ɗan tsibiri da mutanensa ke magana da harshen Gelik.

A bisa wannan hanya ta tsara waƙoƙin da suka zama kundinta na farko. Suna magana ne a kan goɗiya da kare, da ruwan sama, da gonaki, da tsaunuka, da taga mai kallon teku. Wanda bai san labarin ba zai ce waƙoƙin mai kwanciyar hankali ne. Alhali mai su tana cikin sanyi da rashi, tana rera su ne don ta lallashi kanta.

Cikin hutun hunturun ne ta haɗu da Joe Boyd, Ba'amurke mazaunin Landan, wanda kamfaninsa Witchseason ke kula da fitattun masu sabon salon fok na Ingila. Ya yi mata alkawarin ɗaukar waƙoƙin in ta kammala tafiya, ya kuwa cika. A ƙarshen 1969, cikin ƴan kwanaki, aka ɗauki waƙoƙi 14 a ɗakin ɗaukar murya na Sound Techniques. Boyd ya gayyato Robin Williamson na ƙungiyar Incredible String Band, da Dave Swarbrick da Simon Nicol na Fairport Convention, sa'an nan Robert Kirby ya tsara kiɗan goge da sarewa na wasu waƙoƙin. Aka raɗa wa kundin suna Just Another Diamond Day.

Disamba 1970

Shekara guda cur kundin ya yi a ajiye kafin kamfanin Philips ya fitar da shi. Wannan jinkiri ya yi masa illa ta fuskoki da dama.

Na farko, zamani ya juya. A 1970 ƙungiyar Beatles ta rabu, Jimi Hendrix da Janis Joplin suka mutu, Black Sabbath ta fitar da kundi biyu masu kiɗa mai nauyi da ƙara. Mafarkin komawa ƙauye ya fara zama abin dariya. Murya siririya mai kama da raɗa, tana waƙar goɗiya da ciyawa, ta zo kasuwa bayan an watse. Ƴan jaridar da suka kula faifan kaɗan ne, wasunsu ma suka ɗauke shi waƙoƙin renon yara.

Na biyu, babu mai tsaya masa. A wancan zamani faifai ba ya sayar da kansa: sai mawaƙi ya zagaya gidajen rawa da jami'o'i, ya shiga rediyo, ya zauna da ƴan jarida, kamfani kuma ya sa kuɗi a talla. Vashti ta riga ta haihu, ba ta da gida a Landan, sai ta ɗauki jaririnta ta bar birnin. Joe Boyd shi ma a daidai lokacin yake sayar da Witchseason ga kamfanin Island, yana shirin komawa Amurka aiki. Philips kuwa babban gida ne mai mawaƙa barkatai, wanda faifan da bai motsa ba cikin makonnin farko ba ya samun waiwaye. Kwafi kaɗan aka buga, ba a sake bugawa ba.

Na uku, an sa mata rigar da ba tata ba. Ita ba ta taɓa ɗaukar kanta mawaƙiyar fok ba. Burinta ta yi gajerun waƙoƙin zamani masu shiga rai. Amma makaɗan da aka gayyato da irin kayan kiɗansu sun sa an jera faifan a layin fok. Masu riƙon fok na asali, waɗanda ke auna waƙa da tsufanta, ba su ga gadon kakanni a ciki ba. Masu son waƙar zamani kuma ba su leƙa wannan layi. Faifan ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Akwai wanda ya sha irin wannan ƙaddara a hannun Boyd ɗin da Kirby ɗin, wato Nick Drake. Kundinsa uku, na 1969 da 1971 da 1972, ba su yi ciniki ba, ya rasu a Nuwamban 1974 yana da shekara 26. Sai dai shi an yi masa wata gata: lokacin sayar da Witchseason, Boyd ya gindaya sharaɗin kada a taɓa cire faifan Drake daga kasuwa. Saboda haka duk wanda ya ji labarinsa bayan shekara goma ko ashirin yana iya shiga kanti ya saya. Faifan Vashti bai samu wannan sharaɗi ba, ya ɓace daga kantuna. Layi ɗaya cikin takardar yarjejeniya ya raba makomar ayyukan biyu na tsawon shekara 30.

Shekarun shiru

Ta zauna a Ayalan da karkarar Sikotilan, ta reni ƴaƴa uku, ta yi kiwo da ƴan sana'o'i, daga baya ta koma birnin Edinbara. Ba ta zancen faifan, ba ta sauraren sa. Hukuncin da kasuwa ta yanke cikin ƴan makonni, ita ta ɗauke shi hukunci a kan ƙimarta, ta yarda da shi. Wannan ita ce hasarar da ba a iya ƙirgawa: waƙoƙin da mai shekara 30 ko 40 za ta tsara, waɗanda ba a tsara ba, kuma babu ranar da za a same su.

Amma faifan yana can yana tafiyarsa shi kaɗai. Ƙarancinsa ya sa masu tara tsofaffin faifai suka shiga farautarsa, ana kwafarsa a kaset daga hannu zuwa hannu, farashin na asalin yana hawa har ya kai kuɗin da mai waƙar ba ta taɓa samu daga gare shi ba. A ƙarshen shekarun 1990 ta samu kwamfuta, ta rubuta sunanta a intanet, sai ta tarar mutanen da ba ta sani ba suna tattauna aikin da take jin kunyarsa. Daga nan ta shiga neman zaren ɗauka na asali da haƙƙin mallakarsa, aiki mai wuya, domin Philips ya riga ya narke cikin PolyGram, shi kuma Universal ta haɗiye shi. A shekarar 2000 ƙaramin kamfanin Spinney na Paul Lambden ya sake fitar da kundin a faifan CD, da ƙarin waƙoƙi huɗu.

Ba a canja ko ɗigo ɗaya cikin waƙoƙi 14 na asali ba, amma wannan karon jaridu suka yaba. Abin da aka kira rauni a 1970, wato ƙarancin kiɗa da sanyin murya, shi ne abin da sabon zamani ke nema bayan shekaru na ƙara da injuna. Ƙaramin kamfani kuma ba ya bukatar sayar da dubu ɗari kafin ya mayar da kuɗinsa. Ƴan dubbai sun isa, kuma intanet tana iya tattaro su daga ƙasashe daban-daban, abin da kantin unguwa ba zai iya ba.

Oktoba 2005

Matasan mawaƙa suka fara nemanta. Ta sa murya a wani kundin ƙungiyar Piano Magic a 2002, karon farko da ta tsaya gaban makirfo bayan shekara 30 da ɗoriya. Devendra Banhart, matashin Ba'amurke da ya rubuto mata wasiƙa tun bai yi suna ba, ya rera waƙa tare da ita a kundinsa na 2004. A 2005 ta yi ƙaramin faifai da ƙungiyar Animal Collective, wanda FatCat ya fitar, kuma ta nan ƙofar sabon kundi ta buɗe. Jaridu suka laƙaba mata uwar sabon salon fok, laƙabin da ta karɓa da dariya da ɗan ƙorafi, tunda har yanzu rigar nan ce da ba ta ɗinka ba.

Duk da haka, sabon kundi kasada ne. Na farkon ya zama almara, kuma almara ba ta tsufa, amma mutum yana tsufa. Masu jira suna iya son a maimaita musu yarinyar amalanke, ita kuwa ba ita ce ba yanzu. In sabon ya gaza, zai iya rage wa tsohon daraja, a ce dama sa'a ce da kewar zamanin da ya wuce. Ga kuma tambayar da ta fi damun mai waƙar kanta, ko akwai sauran waƙa a cikinta bayan shirun nan duka.

Ta yi aikin da Max Richter, mai tsara kiɗa wanda shi ma yake zaune a Edinbara a lokacin, kuma reshen FatCat ne ya fitar da kundinsa na 2004. Joanna Newsom ta kaɗa garayar Turawa, Banhart ya zo da jitarsa, Robert Kirby ma ya dawo, shekara 36 bayan haɗuwarsu ta farko. Zanen bangon na ɗiyarta ne. Sunan kundin, Lookaftering, kalma ce da ta ƙera daga furucin Ingilishi mai nufin kulawa da reno, kuma abin da waƙoƙin 11 suka ƙunsa ke nan: ƴaƴa da girmansu, rabuwa, rashin ɗan'uwa, gida da barin gida. Ba ta koma kan hanyar Skye ba. Ta rera shekarun da aka ce ta ɓata, ta nuna cewa rayuwa aka yi a cikinsu.

Kundin ya samu karɓuwa. Matar da ta gudu daga Landan a 1970 don kada ta yi yawon talla, ta hau dandamali a Turai da Amurka, har zauren Carnegie na Niyok a 2007. A 2006 wani kamfanin wayar salula ya sa waƙar farko ta tsohon kundin cikin tallarsa ta talabijin, miliyoyin mutane suka ji ta a ɗakunansu. A 2007 aka tattara ƙananan faifanta da waƙoƙin da aka ajiye tun 1964 zuwa 1967 aka fitar, a 2008 kuma Kieran Evans ya yi fim a kan tafiyar amalanke.

Abin da ya rage a hannunta

Kundinta na uku, Heartleap, ya fito a Oktoban 2014. Yawancinsa a gidanta ta ɗauke shi, ita ta tsara kiɗan a kwamfuta, sauti bayan sauti, duk da ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba. In aka jera matakan, ana ganin yadda linzami ya riƙa matsowa hannunta. A 1965 an ba ta waƙar wasu, an zaɓa mata kiɗa. A 1969 waƙoƙin nata ne, makaɗan na Boyd. A 2005 ta yi shawara da Richter kafaɗa da kafaɗa. A 2014, tana da shekara 69, ta yi faifan da tun farko take ji a kanta. A 2022 ta wallafa littafin tarihin rayuwarta, Wayward.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin shaidar cewa aiki mai kyau ba ya ɓata, komai daren daɗewa. Tarihin bai goyi bayan wannan kwanciyar rai ba. Kundin 1970 ya dawo ne saboda abubuwan da kowannensu yana iya faskara: zaren ɗauka bai lalace ba, wasu ƴan tsiraru sun adana kwafinsu, an samu wanda ya bi sawun takardun haƙƙin mallaka, an samu ƙaramin kamfanin da ya yarda da ƙaramar riba. Da ɗaya ya kuɓuce, da sunan Vashti Bunyan ya tsaya a jerin masu tara tsofaffin kaya. Faifai nawa na wancan zamani ne ba su samu wannan haɗuwar ba, babu mai iya faɗa, domin abin da ya ɓace ba ya barin adireshi.

Ranar fitowar faifai rana ce da kamfani ke sa wa a kalanda, kuma cinikin makonnin farko yana auna shirin kamfani da yanayin kasuwa fiye da yadda yake auna waƙa. Nick Drake bai rayu ya gane haka ba. Tallar mota ta 1999 da ta kai muryarsa ga jama'a ta zo shekara 25 bayan an binne shi. Vashti Bunyan ta rayu ta gani, ta kuma samu lokacin amsawa da kundi biyu da littafi guda. Shekarun da ke tsakanin 1970 da 2000 kuwa, babu wanda ya mayar mata da su.